Binciken Jin Ra'ayin Malamai a Makarantun Zango: Tambayoyi da Amsoshi

Lokaci zuwa lokaci akan kawo wa malaman makarantunmu na Aboabo, Asawase, Sawaba da Akwatia Line, unguwannin Zango na Kumasi a Ghana, takardar tambayoyi, ko a turo musu ita ta WhatsApp, ana neman su bayyana yadda suke koyarwa da kuma halin da suke aiki a ciki. Wasu sukan cika ta da zuciya ɗaya, wasu su jefa ta cikin aljihun tebur saboda tsoro, ko saboda sun sha cikawa ba su ga abin da ya canza ba. Ga tambayoyin da malamai da iyaye suka fi yi game da wannan al'amari.

Mene ne binciken jin ra'ayin malamai, kuma me ya raba shi da ƙidayar makarantu da ake yi duk shekara?

Ma'aikatar Ilimi ta Ghana tana tattara alƙaluman makarantu kowace shekara a ƙarƙashin tsarin EMIS, kuma hedimasta ne yake cika takardar: yara nawa, malamai nawa, azuzuwa nawa, akwai bayan gida da ruwan sha ko babu. Wannan ƙidaya tana da amfani ƙwarai, domin da ita ake tsara rabon kuɗi da tura malamai. Sai dai akwai abin da ba za ta iya gani ba. Za ta nuna cewa aji na uku yana da yara sittin da malama ɗaya, amma ba za ta nuna cewa malamar tana cinye kusan rabin darasinta wajen tsawatarwa da raba faɗa a kan wurin zama ba, ko cewa sai bayan sallar isha take samun damar duba littattafan yara. Binciken jin ra'ayi malamin kansa yake tambaya, da tambayoyi iri ɗaya ga kowa, domin a haɗa amsoshin a gane ko damuwar mutum ɗaya ce ko ta dubbai.

Waɗanne abubuwa ake tambaya?

Yawanci akan fara da lokaci: awa nawa malami yake yi a cikin aji a mako, awa nawa wajen rubuta tsarin darasi, duba aikin gida, cika rajista da halartar taro. Sannan a zo kan kayan aiki da yawan yara, da horon da ya samu bayan fitowarsa daga kwalejin malamai, da yadda shugabancin makaranta yake tafiya da shi, wato ko ana shawara da shi ko umarni kawai yake karɓa. A ƙarshe akan tambayi abin da ya shafi zuciya: ko aikin yana taɓa lafiyarsa, ko yana ganin al'umma tana girmama shi, ko yana da niyyar barin koyarwa nan da 'yan shekaru.

A Ghana akwai tambayoyin da ya kamata a ƙara. A shekarar 2019 aka fara aiki da sabuwar manhajar da hukumar NaCCA ta tsara daga ajin renon yara zuwa aji shida, amma littattafan da suka dace da ita sun yi jinkirin isa makarantun gwamnati, har malamai suka daɗe suna haɗa darasi da abin da suka samo da kansu. Haka kuma a 2018 aka wajabta wa sabon malami cin jarrabawar lasisi ta NTC, hukumar da ke kula da aikin koyarwa. A makarantun sakandare kuwa, shirin karatu kyauta da aka fara a watan Satumba na 2017 ya ƙara yawan ɗalibai har aka shigo da tsarin karatu na karɓa-karɓa a 2018. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye a kan kafaɗar malami ya sauka, kuma shi ne ya fi kowa sanin inda ya yi masa nauyi.

Shin ana yin irin wannan bincike a wasu ƙasashe?

Ana yi. Wanda ya fi shahara shi ne TALIS, na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba mai hedikwata a Faransa. An fara shi a 2008 da ƙasashe 24, aka maimaita a 2013 da 2018 da 2024. A zagayen 2018 ƙasashe da yankuna 48 ne suka shiga, ciki har da Afirka ta Kudu. Tsarinsa shi ne a zaɓi makarantu kimanin 200 a kowace ƙasa, a kowace makaranta a tambayi malamai 20 tare da shugabanta.

Me ya sa ake zaɓar wasu malamai kaɗan maimakon a tambayi kowa?

Saboda tambayar kowa tana da tsada, kuma ba ita ce take tabbatar da gaskiya ba. Mai sayen masara a kasuwar Asawase ba ya zazzage buhu gaba ɗaya, amma kuma ba ya yarda da abin da ke bakin buhun, yakan tsoma hannu har tsakiya ya ɗebo. Haka zaɓen malamai yake: a samo cikakken jerin makarantu, a fitar da wasu ta hanyar ƙuri'a yadda kowace makaranta za ta iya faɗowa, sannan a bi waɗanda suka faɗo har a samu amsarsu.

A nan ne takardar da ake turawa ta WhatsApp take da rauni. Wanda yake da babbar waya da kuɗin data da ƙwarewa a Turanci shi ne zai amsa, sai kuma wanda ransa ya ɓaci ƙwarai yana neman inda zai sauke. Dattijon malamin da ya yi shekara ashirin yana koyarwa da ƙaramar wayarsa ba zai shiga lissafi ba. Amsoshi dubu biyar da aka tara ta wannan hanya suna iya karkata fiye da ɗari biyar da aka zaɓo bisa ƙa'ida.

Idan na faɗi gaskiya, ba za ta koma kunnen hedimasta ko ofishin ilimi ba?

Wannan tsoro yana da dalili, kuma bai kamata a rena shi ba, domin malami ya san cewa ƙarin girma da canjin wurin aiki suna bi ta hannun na sama da shi. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana, mai lamba 843 ta shekarar 2012, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutum nauyin sanar da shi dalilin tattarawar da kuma tsare abin da ya tattara. Saboda haka malami yana da hakkin ya tambaya kafin ya rubuta komai: wane ne ya aiko, wa zai ga amsoshin, kuma shiga dole ce ko ganin dama.

Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa. Idan makaranta tana da malamai tara, kuma mace ɗaya ce take koyar da Larabci, to duk rahoton da ya ce "malamar Larabci ta koka da shugabanci" ya tona ta ko da ba a ambaci sunanta ba. Mai bincike na ƙwarai yakan haɗa amsoshin makarantu da yawa kafin ya fitar da sakamako. Kuma bai dace hedimasta ya zama shi ne mai raba takardun da karɓarsu ba. A rufe su cikin ambulan, wani daga waje ya tafi da su.

Ina matsayin malaman Larabci da malaman makarantar allo a cikin irin wannan bincike?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin GES, hukumar da ke tafiyar da makarantun gwamnati a Ghana, kuma ta hanyarsa makarantu da dama na Zango suka haɗa karatun boko da na addini a rufi ɗaya. A irin waɗannan makarantu za ka tarar da malamai iri biyu a ɗakin malamai ɗaya: wanda gwamnati ta turo kuma take biyansa duk wata, da malamin Larabci wanda a lokuta da yawa mai makaranta ne ko gudummawar iyaye take riƙe da shi. Yara ɗaya suke koyarwa, ƙurar alli ɗaya suke shaƙa, amma idan mai bincike ya ɗauko jerin sunayensa daga takardar albashin gwamnati, na biyun ya ɓace tun kafin a yi tambayar farko. Daga nan sai rahoto ya fito yana magana da sunan malamai baki ɗaya, alhali waɗanda suka fi shiga matsi ba a ji daga gare su ba. Malaman makarantun kuɗi ƙanana da ke cikin lunguna, da masu karantar da Alƙur'ani da yamma ko ranakun Asabar da Lahadi, su ma haka abin yake a kansu.

Akwai kuma batun harshe, wanda mai zuwa daga waje ba lallai ya lura da shi ba. Yaro ya tashi a Aboabo yana Hausa a gida da kan layi, ko da iyayensa Mosi ne ko Dagomba ko Kotokoli, ya zo makaranta ya tarar da Turanci a littafi da Asante Twi a matsayin harshen gida da ake koyarwa, domin Hausa ba ta cikin harsunan Ghana da ake rubuta jarrabawarsu a BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Malamar da aka turo daga wani gari, wadda ba ta jin Hausa, tana fama da aiki biyu a aji ɗaya na firamare, kuma malamin da yake jin Hausa yana fassara darasi duk yini ba tare da wani ya lissafa masa wannan a matsayin aiki ba. Tambaya guda ɗaya, wato "da wane harshe kake yi wa yara bayani idan ba su gane ba", za ta buɗe abin da ƙidayar kujeru ba za ta taɓa nunawa ba. Haka nan ya kamata takardar ta samu fassarar Hausa ko Larabci, ko a karanta wa malamin da baki, domin mutumin da ya haddace Alƙur'ani ya karanci fiƙihu da nahawu bai cancanci a bar shi a baya ba don Turancinsa bai yi ƙarfi ba.

Ai akwai ƙungiyoyin malamai da suke magana a madadinsu. Ina amfanin ƙarin bincike?

GNAT da NAGRAT da CCT suna da muhimmanci, kuma an ga ƙarfinsu a watan Yuli na 2022, lokacin da suka shiga yajin aiki tare da TEWU, ƙungiyar ma'aikatan ilimi, suna neman alawus na tsadar rayuwa na kashi 20 cikin ɗari, aka daidaita a kan kashi 15. Amma a teburin sulhu abin da ya shafi kowa ne yake hawa, wato albashi da alawus. Rufin da yake yoyo a damina, da rashin bayan gida ga malamai mata, da kuɗin tro-tro, wato ƙaramar bas ta haya, daga inda malami ya iya kama haya zuwa makaranta, ba safai suke kaiwa can ba. Bincike mai kyau makami ne a hannun ƙungiyoyin kansu, domin wanda ya zo da alƙaluma ya fi wuyar kawarwa a kan wanda ya zo da koke.

Za a iya dogara da abin da malamai suka faɗa game da kansu?

Za a iya, da sharaɗi. Mutum yakan ƙara gishiri idan yana zaton taimako zai biyo baya, yakan kuma rage idan yana jin kunya; da wuya malami ya rubuta cewa akwai sashen manhajar da bai fahimta ba. Yadda aka tsara tambaya ma yana jan amsa. "Ba ka ganin aikin ya yi maka yawa?" ta riga ta sa wa mutum magana a baki, amma "awa nawa ka yi kana duba littattafai a makon jiya?" tana neman abin da za a iya ƙirgawa. Lokaci ma yana da tasiri, domin amsar da aka bayar ana dab da jarrabawa, ko a ƙarshen azumi, ba za ta yi daidai da ta farkon zangon karatu ba. Shi ya sa ake gwama amsoshin da ziyarar aji da alƙaluman ƙidaya.

Bayan an tattara amsoshin, sai me?

A nan ne yawancin malamai suka yanke ƙauna, kuma ina ganin suna da gaskiya. Wanda ya ba da rabin awarsa ya cancanci a dawo masa da sakamako cikin harshen da zai gane. Ya kamata a karanta shi a taron malamai, a gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, a kai kwafi ofishin ilimi na gundumarmu ta Asokore Mampong, sarakunan Zango da limamai su ma su ji, tunda su ne jama'a suke saurara. Sannan a zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a iya gyarawa cikin shekara, a faɗi wanda nauyin yake kansa. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara za su buƙaci ƙarin malamai miliyan 15 zuwa shekarar 2030, kuma wani ɓangare na wannan adadi na maye gurbin waɗanda suke barin aikin ne. Sanin abin da yake korar malami tun yana nan ya fi sauƙi a kan neman madadinsa bayan ya tafi.

Makaranta ɗaya ko ƙungiyar unguwa za ta iya yin nata binciken?

Za ta iya, kuma ya fi kyau makarantu biyar ko shida na unguwa ɗaya su haɗu domin kada a gane wanda ya ba da kowace amsa. A nemi izinin ofishin ilimi idan makarantun gwamnati suna ciki. Tambayoyin kada su wuce goma sha biyar, a fara gwada su a kan malamai uku ko huɗu don a ga inda ba a gane ba, a sa malaman Larabci cikin jerin tun daga farko, a bar fili a ƙarshe inda malami zai rubuta abin da ba a tambaye shi ba. Bayan shekara ɗaya a sake yin tambayoyin nan ba tare da an canza lafazinsu ba, a ajiye sakamakon biyu gefe da gefe.