Yadda layin dogo ya raba Sawakin da kasuwarta

Yaranmu na nan Bur Sudan kan tambaye ni me ya mai da Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sudan, kango, alhali kakanni ba su da zance sai nata. Ga abin da nake faɗa musu.

Wacce ta girmi wata?

Sawakin, da ɗaruruwan shekaru. Ɗan tsibiri ne, gidajensa na dutsen murjani, kuma daga nan alhazai ke tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Bur Sudan kuwa ta jiya-jiya ce. Turawan Ingila suka fara gina ta a 1905, a mashigin ruwan da ake kira Shaikh Bargut, aka buɗe ta a 1909.

Me ya hana su faɗaɗa Sawakin?

Mashigarta siririya ce, murjani ya tsuke ta dama da hagu, manyan jiragen ruwa ba sa shiga a sake. A Shaikh Bargut kuwa, kimanin kilomita 60 arewa, akwai zurfi. Jirgin ruwa zai jingina da dakali, tarago ya zo gefensa, 'yan dako su kwashe buhuna daga wannan zuwa wancan. Wannan sauƙin ne ya ja 'yan kasuwa suka tattara suka bar tsibirin, gidajen suka soma zubewa. Duk wanda ya tsaya cikin ɓaraguzan nan sai zuciyarsa ta sosu.

Yaushe jirgin ƙasa ya iso teku?

An gwada tun 1885, daga Sawakin za a nufi garin Barbar da ke bakin kogin Nilu, amma mayaƙan Usman Digna, kwamandan Mahadi a gabashin Sudan, suka hana aikin sakat, aka watsar da shi. Sai a 1906 aka buɗe layi daga garin Atbara zuwa Bur Sudan. A 1924 reshe ya tashi daga Haiya zuwa Kasala. Da madatsar Sinnar ta kammala a 1925, audugar yankin Jazira ta cika taragu, ga ƙaro, ga riɗi.

Mutanenmu fa?

Ko bayan kaya sun ƙaura, ta Sawakin alhazai suka ci gaba da bi. Bahaushe zai shekara yana tsinkar auduga don ya haɗa guzuri, sannan ya gangaro bakin teku. Da yawa sun sauke farali sun dawo, ba su ƙara gaba ba. Mu ne jikokinsu.

Yanzu ina aka kwana?

Tun da aka shimfiɗa kwalta daga Kartum, manyan motoci suka karɓe yawancin lodin jirgin ƙasa. A 1991 aka buɗe wa Sawakin sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, inda fasinjoji da tumaki ke hawa jirgi zuwa Jidda.