Waiwaye: Luwaɗi da maɗigo halitta ce ko koyo?

A shekarar 1911 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, George Murray Levick, ya zauna a yankin ƙanƙara na Antaktika yana lura da tsuntsayen fengwin. Da ya ga namiji yana hawan namiji, abin ya girgiza shi har ya rubuta wannan sashe da haruffan Girkanci don kada kowa ya karanta. Cikakken bayanin nasa bai fito fili ba sai 2012.

Haka masana suka daɗe suna yi. In an gani a dabba a kawar da kai, in an gani a mutum a kira shi ciwon ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara karya wannan ra'ayi ita ce Evelyn Hooker, masaniyar halayyar ɗan Adam, a 1957. Ta gwada maza 60, rabinsu masu neman maza, ta miƙa sakamakon ga ƙwararru, suka kasa bambance su. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire luwaɗi da maɗigo daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990.

A ɓangaren dabbobi, masanin halittu Bruce Bagemihl ya tattara shaidun wannan ɗabi'a a nau'i kusan 450 a 1999, yanzu kuwa lissafin ya haura 1,500. Sai dai a nan masu gardama kan yi gaggawa. A yawancin dabbobin abin jefi-jefi ne, dabbar tana kuma barbara da mace. Raguna ne suka fita daban: kusan takwas cikin ɗari ba sa kula tunkiya ko tana gabansu, sai rago ɗan'uwansu.

Batun gado ya fi rikitarwa. A 1993 masanin ƙwayoyin halitta Dean Hamer ya alaƙanta luwaɗi da wani sashe na ƙwayar halittar da namiji ke gada daga uwa, jaridu suka yi ta shelar an gano sirrin. Binciken 2019 kan mutum kusan rabin miliyan ya rushe wannan zato: babu ƙwaya guda mai yanke hukunci, akwai dai ƙanana masu yawa, kowace tasirinta kaɗan.

Duk wannan bai kashe gardamar ba, domin kalmar "halitta" da ake ja a kanta fuska biyu gare ta. Masanin halittu yana nufin abin da ke aukuwa. Malamin addini, Musulmi ko Kirista, yana nufin abin da aka halicci mutum dominsa, kuma ba ya ɗaukar rago a matsayin hujja.