Waiwaye: Majalisun birane, ga nauyi ba kuɗi

Duk gyaran ƙananan hukumomi da aka taɓa yi, tambaya ɗaya ce a gindinsa: wa ke riƙe da asusu? Majalisar birni ita ake kai wa kukan shara da magudanan ruwa da kasuwa da fitilun titi, amma sau da yawa kuɗin yin aikin yana hannun wata gwamnati da ke samanta.

Tsarin da ƙasashe da dama suka gada ya samo tushe ne daga Ingila. A 1835 aka yi dokar da ta karɓe garuruwa 178 daga hannun 'yan tsirarun da ke naɗa junansu, ta miƙa su ga majalisun da masu biyan haraji ke zaɓa. Amfanin abin ya fito fili a Birmingham, inda Joseph Chamberlain ya zama magajin gari a 1873. A zamaninsa majalisar ta sayi kamfanonin iskar gas da na ruwan sha, ta rushe unguwannin da suka lalace ta sake gini. Ta iya yin haka ne saboda tana da ikon karɓar haraji da cin bashi da sunanta. Wannan ikon shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma shi ne masu kwaikwayon tsarin suka fi mantawa da shi.

Bayan samun 'yanci, gwamnatoci da yawa a Afirka sun ɗauki majalisu a matsayin kishiyoyi. Tanzaniya ta soke su a farkon shekarun 1970, ayyukan birane suka taɓarɓare, dole ta maido da majalisun birane a 1978. Najeriya kuwa ta yi babban gyaranta a 1976, ta mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati, yau sun kai 774. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya bi da kason kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, gwamnoni suka samu ƙofar riƙe shi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye.

Indiya ma ta yi kwaskwarima ta 74 ga tsarin mulkinta a 1992. An lissafa ayyuka 18 da za a iya miƙa wa majalisun birane, an ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujeru, amma aka bar wa jihohi zaɓin abin da za su saki. Da yawansu ba su saki abin kirki ba.

Inda na ga an kama bakin zaren shi ne Afirka ta Kudu. A 2000 ta haɗe ƙananan majalisun da mulkin wariyar launin fata ya rarraba, Johannesburg da Cape Town kowanne ya koma ƙarƙashin majalisa ɗaya mai karɓar harajin gidaje da kuɗin ruwa da lantarki. Matsaloli ba su ƙare ba, Johannesburg na fama da ƙarancin ruwa, amma mazauna sun san wanda za su tuhuma ranar zaɓe.

Batun ya ƙara zafi yanzu da fiye da rabin mutanen duniya ke zaune a birane. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen adadin zai kai kashi 68 cikin 100 nan da 2050, kuma mafi yawan ƙarin a Asiya da Afirka zai kasance, inda majalisun suka fi rauni.