Mene ne masta filan ɗin da ake rusau da sunansa?

Duk lokacin da katafila ta doshi wata unguwa a Abuja, kalma guda ce a bakin jami'ai: masta filan. Gidan wane ya saɓa wa masta filan, kasuwar can ba ta cikin masta filan. Masu fassara labarai a rediyo kuwa tuni sun yanke hukunci, "taswirar Abuja" suke cewa. Wannan fassarar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don ta sa jama'a na ɗauka wata takarda ce mai layuka da ke ajiye a ofishin minista, a ɗauko ta a duba ko katangarka ta hau kan layi.

Taswira na ciki, amma ita ce ƙaramar aba. Abin da kamfanin IPA na Amurka ya miƙa wa hukumar raya babban birnin tarayya, FCDA, a 1979, shekara uku bayan Janar Murtala ya sanar da sabon babban birni, tsari ne na dogon zango: mutum nawa za su zauna, ina za su kwana, ina za su nemi abinci, a me za su je wurin aiki, daga ina ruwan sha zai zo, wane aiki zai riga wane. An yi lissafin mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kimanin miliyan 3 in birni ya cika. Aka raba ginin mataki huɗu, Garki da Wuse da Maitama da Asokoro a matakin farko. Wato galibin abin da ke ciki aikin gwamnati ne, ita aka ɗora wa nauyi kafin a ɗora wa mai gida.

Ɗauki sufuri kawai. Tsarin ya keɓe hanyoyi na musamman da za su ratsa tsakiyar unguwanni don jigilar jama'a da yawa a lokaci guda. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, amma jirgin ƙasa na cikin gari sai a 2018 aka buɗe shi, ya tsaya lokacin korona, ya dawo a 2024. Shi ma ɓangaren Idu da filin jirgin sama da Kubwa ya nufa. Masinja da direba da maigadi da malamar firamare, waɗanda hayar Wuse ta fi ƙarfinsu, suna Nyanya da Karu, wasu ma sun tsallaka Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa. Su fito da asuba, su maƙale a cunkoso tun daga Mararaba har mahaɗar AYA da ke Asokoro, da yamma a sake sabon lale. To wannan fa, ba saɓa wa masta filan ba ne? Sai dai ban taɓa jin an tura katafila ofishin kowa a kansa ba.

Ba wai kowane rusau zalunci ba ne. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, ambaliyar unguwar Lokogoma ta ishe shi darasi. Abin da nake ƙi shi ne a karanto wa talaka shafin hani, a tsallake shafin alƙawari.

Malam Nasiru El-Rufai ne ya sa kalmar a bakin kowa lokacin da yake ministan Abuja tsakanin 2003 da 2007, Nyesom Wike kuma ya farfaɗo da ita bayan ya hau kujerar a 2023. Dukkansu naɗa su aka yi. Abuja ba ta da gwamnan da mazaunanta suka zaɓa, shugabannin ƙananan hukumominta shida kuma ba su da iko da filayen birnin. Tsarin da aka yi wa lissafin shekarar 2000 yana hannun duk wanda shugaban ƙasa ya bai wa kujerar, kowanne kuma da irin karatun da yake yi masa.