Farin Butocin Faransa Ba Na Yumɓu Ba Ne

Mutane da dama sun daɗe suna ɗaukar tsofaffin butocin garuruwan Nevers da Rouen na Faransa a matsayin tangaran irin na Sin, mai fari har ciki. Ba haka ba ne. Duba inda bakin buta ya ɓantare, za ka ga yumɓu ja-ja ko ruwan ƙasa.

Farin lulluɓi ne kawai: ruwan gilashi mai dalma da aka zuba wa tokar kuza, ita ke rufe launin yumɓun. A kan wannan ɗanyen lulluɓi mai zane ke shafa shuɗin ma'adinin kobalt kafin a mayar da butar wuta. Lulluɓin yana shanye launi nan take, gyara kuskure sai da wuya. Abin da ke burge ni ke nan. Sunan sana'ar ma, fayans, daga garin Faenza na Italiya ya fito.