Waiwaye: Yadda ƙuri'ar 2009 ta share fagen rigimar buɗaɗɗen lasisi

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara rubuta maƙala, suna zana hoto, suna kwaikwayon muryar mutane, wata muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu sakin ayyukansu kyauta a intanet. Mai ɗaukar hoto da ya saki hotunansa ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato buɗaɗɗen lasisin da ke ba kowa izinin amfani da aiki kyauta bisa wasu sharuɗɗa, yana cewa shi fa mutane ya bai wa, bai bai wa injin da zai raba shi da sana'arsa ba. Masu rubutu a Wikipedia suna ganin guminsu a bakin manhajoji, ba a ko ce ga inda aka samo ba. Waɗanda suka ba da muryoyinsu a shirye-shiryen tattara murya, ciki har da masu jin Hausa, suna tambayar abin da ya dawo musu. Amsar ɗaya ɓangaren gajeruwa ce: ai kai ka amince da sharuɗɗan, kuma sharuɗɗan ba su hana ba. Da yawa suna ɗaukar abin a matsayin wani bala'i da ya faɗo dare ɗaya, alhali an fi shekara goma sha biyar da aza tubalinsa, tun ƙuri'ar da masu rubutu a Wikipedia suka kaɗa a 2009 kan sauya lasisinta.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886, da gyaran da aka yi mata a 1908, ita ta kafa ƙa'idar cewa da zarar mutum ya ƙirƙiri aiki ya samu haƙƙin mallaka, ba sai ya yi rajista ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 1993. Sakamakon ƙa'idar shi ne kowane hoto da kowace waƙa a kulle suke, ko da mai su yana son a ɗauka. Masu rubuta manhaja ne suka fara gano mafita: a 1989 Richard Stallman ya fitar da lasisin GPL, wanda ke cewa ka ɗauka, ka gyara, ka raba, amma abin da ka gyara shi ma ka bar shi a buɗe. A 1998 Amurka ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin haƙƙin mallaka. Lauya Lawrence Lessig ya ƙalubalanci dokar a madadin Eric Eldred, mai wallafa tsofaffin littattafai kyauta a intanet, suka sha kaye a Kotun Ƙoli a Janairun 2003. Kafin hukuncin ya fito sun riga sun kafa Creative Commons a 2001 tare da Hal Abelson da wasu, kuma a Disambar 2002 suka fitar da lasisan farko.

Sharuɗɗa huɗu ne ake harhaɗawa a lasisan Creative Commons. BY na nufin a ambaci mai aiki. SA na nufin duk wanda ya sarrafa aikin ya saki nasa da irin lasisin. NC ya hana kasuwanci da aikin, ND kuma ya hana yaɗa shi in an sauya shi. A bugu na farko ambaton suna zaɓi ne, amma da aka ga kusan kowa yana zaɓarsa, sai bugu na 2.0 na 2004 ya mayar da shi dole, lasisan suka koma shida. Daga wannan lokaci ambaton suna ya zama ladan da babu wanda zai saki aikinsa ba tare da shi ba. A riƙe wannan, domin a kansa komai ya juya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Wikipedia ta girmi lasisan Creative Commons. An buɗe ta a Janairun 2001, don haka ta ɗauki abin da ta tarar, wato lasisin GFDL na Gidauniyar Free Software, wanda aka tsara don littattafan koyon amfani da manhaja. Nauyinsa ya dace da littafi mai kauri, bai dace da maƙala mai sakin layi uku ba. Duk wanda zai buga kwafi sai ya haɗa da cikakken rubutun lasisin, mai kalmomi sama da 3,000. Wanda ya gyara aikin sai ya jera aƙalla manyan marubuta biyar a shafin farko, ya kuma adana sashen tarihin gyare-gyare. Malamin da ke son buga wa ɗalibai maƙala guda sai ya tarar lasisin ya fi maƙalar tsawo. Gidan rediyon da ke son karanta wani sashe kuwa ba shi da wata hanya mai sauƙi ta cika sharuɗɗan. Ga kuma babbar matsala: ba a iya gauraya rubutun GFDL da rubutun da ke ƙarƙashin BY-SA, ko da manufarsu kusan ɗaya ce, domin kowanne yana cewa abin da aka samar daga gare shi ya zauna ƙarƙashinsa. Rumbuna biyu na ilimi suna girma kafaɗa da kafaɗa, babu damar ɗiba daga wannan a zuba a wancan.

Sauya lasisin aikin da dubban ɗaruruwan mutane suka rubuta ba abu ne mai yiwuwa ta hanyar neman izinin kowa ba. Wasu sun rasu, wasu ba su taɓa buɗe asusu ba. Hanyar da aka bi ita ce wata jimla da ke cikin sanarwar lasisin Wikipedia, wadda ta ce rubutun yana ƙarƙashin bugun GFDL na lokacin ko duk wani bugu da zai biyo baya. A ƙarshen 2007 Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta nemi a yi wa GFDL gyaran da zai buɗe ƙofa. A ranar 3 ga Nuwamba 2008 aka fitar da GFDL bugu na 1.3 da sabon sashe na 11, wanda ya yarje wa shafukan da jama'a ke rubutawa tare su koma BY-SA 3.0. An gindaya iyaka biyu. Abin da aka kwaso daga wani wuri sai in an shigar da shi kafin 1 ga Nuwamba 2008, don kada mutane su yi ta lodo littattafan wasu domin a sauya musu lasisi. Sannan dole a kammala ƙauran kafin 1 ga Agusta 2009, in wa'adin ya wuce ƙofa ta rufe.

Aka kaɗa ƙuri'a daga 12 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu 2009. Cikin ƙuri'u sama da 17,000, kusan kashi 76 cikin ɗari suka amince, kusan kashi 10 suka ƙi, sauran ba su nuna ra'ayi ba. A watan Yuni sauyin ya fara aiki. A lokacin an ɗauke shi gyaran takarda, kuma masu ƙuri'ar suna da hujja mai ƙarfi, domin da ba a yi shi ba da fassara da sake bugu sun ci gaba da zama ciwon kai.

Sai dai tare da sauyin aka daidaita wani abu da ya fi shi tasiri. Ta yaya za a ambaci marubutan maƙalar da mutum ɗari biyu suka sa wa hannu? Sharuɗɗan amfani da shafin suka ce mahaɗi zuwa maƙalar ya wadatar, tunda daga can ana iya ganin tarihin waɗanda suka rubuta. Wannan mafita ce mai ma'ana ga wanda zai kwafi maƙala ɗaya. Amma ta koya wa duniya cewa ambaton suna na iya sirancewa ya koma adireshin shafi, kuma wurin da ya koyar da hakan shi ne rumbun buɗaɗɗen rubutu da aka fi karantawa a duniya. Ladan nan guda da aka tabbatar a 2004 ya tashi daga sunan mutum ya koma nuni zuwa taron jama'a.

A gefe guda kuma, tun a Maris 2007 manufar lasisi ta Wikimedia ta tsaya a kan cewa aikin da aka hana kasuwanci da shi, ko aka hana sauya shi, ba ya cikin 'yantattun ayyuka. Shi ya sa har gobe ba a karɓar hoto mai NC ko ND a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su. Duk wanda ya shiga gasar hotuna irin su Wiki Loves Africa daga Kano ko Damagaram ya amince ke nan wani ya sa hotonsa a talla ko a bangon littafin sayarwa, muddin ya cika sharuɗɗa. A 2009 ɗin dai aka fitar da CC0, wanda mai aiki ke sallama haƙƙinsa gaba ɗaya, ba ya ma neman a ambace shi. Da shi Wikidata, rumbun bayanai na Wikimedia, ta fara a 2012, da shi kuma shirin Common Voice ya fara tattara muryoyin masu sa kai a 2017. Idan aka haɗa ukun, an halatta kasuwanci, ambato ya sirance ko ya ɓace, kuma lasisi ba ya janyuwa, za a ga ƙofar da ake kuka da ita yau a buɗe take tun kafin a ƙera injinan. Alamar farko ta bayyana a 2019, lokacin da rahotanni suka nuna an yi amfani da ɗimbin hotunan mutane masu buɗaɗɗen lasisi wajen horar da na'urorin gane fuska.

Akwai wani abu da masu muhawara kan tsallake. Lasisi yana aiki ne kawai a inda doka ta ce sai da izini. Inda doka ta yi sassauci, kamar tanadin haƙar bayanai (wato barin na'ura ta karanta ɗimbin ayyuka don ta tsamo bayani) a dokar Tarayyar Turai ta 2019, ko sashe na 30-4 na dokar Japan, mai amfani na iya cewa bai ma taɓa lasisin ba balle ya karya shi. Saboda haka wanda ya koma NC don tsoron injina na iya tarar ya rufe wa maƙwabta ƙofa ne kawai.

Ga mai son zaɓar lasisi yau, tambayar farko ita ce ko aikin nasa ne shi kaɗai. Waƙa guda tana da wanda ya rubuta baitoci, da wanda ya rera, da wanda ya haɗa kiɗa, kuma ba mai ikon sakin kason wani. Hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda aka ɗauka ba, amma lasisin bai shafe haƙƙin mutumin da fuskarsa ke ciki ba, don haka izininsa daban ne. Ma'aikacin da ya yi aiki da kuɗin ma'aikata ya fara duba takardar ɗaukarsa aiki.

Sai ND, wanda ya fi cutar da masu harsuna irin namu. Fassara sauyi ce a idon lasisi. Littafin kiwon lafiya mai ND ana iya kwafarsa sau dubu, amma ba a iya fassara shi zuwa Hausa a raba sai an koma neman izini. NC kuwa iyakarsa ba ta fito sarari ba. Rubutun lasisin ya ce amfanin da ba a nufe shi da farko don riba ko kuɗi ba, to ina matsayin makarantar kuɗi da ke sayar da takardun darasi, ko gidan rediyo mai talla, ko mai tura waƙoƙi a memori a bakin kasuwa? Wanda ya zaɓi NC gara ya rubuta a fili abin da ya yarje. Haka kuma ba a gauraya BY-SA da BY-NC-SA a sarrafaffen aiki guda. Manhaja kuma ba da waɗannan lasisan ake sakinta ba, tana da nata irin su GPL da MIT.

Mai ɗaukar aikin wani ya rubuta abu huɗu: sunan aikin, sunan mai shi, mahaɗi zuwa asalinsa, da sunan lasisin har da lambar bugu, sannan ya faɗa in ya yanke ko ya gyara. Rubuta "daga intanet" a ƙasan hoto ba ambato ba ne. Lambar bugun tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A tsofaffin bugu irin 2.0 da 3.0, kuskure ɗaya a ambato yana soke lasisin nan take, kuma an samu masu farautar irin wannan kuskure suna aika takardar neman diyya. Bugu na 4.0 na Nuwamba 2013 ya ba da kwana 30 daga ranar da mutum ya gano kuskurensa ya gyara, lasisi ya dawo masa. Shi ne kuma bugun da aka rubuta don ya yi aiki a kowace ƙasa ba tare da an daidaita shi da dokar gida ba. Rubutun Wikipedia ya koma kan wannan bugu a 2023.

Batun janyewa shi ne inda aka fi yin da-na-sani. Mutum na iya sauke aikinsa daga shafi, ko ya daina ba da shi da wannan lasisi, amma duk wanda ya riga ya ɗauka yana da damar ci gaba da amfani da shi da rabawa, wanda ya karɓa daga hannunsa shi ma haka, har wa'adin haƙƙin mallaka ya ƙare. A dokar Najeriya ta 2022, wa'adin rubutu da waƙa shi ne tsawon ran mai aiki da ƙarin shekara 70. Abin da bugu na 4.0 ya bar wa mai nadama shi ne ya nemi a cire sunansa daga inda ba ya so a gan shi.

Yunƙurin da ake yi yanzu na neman dawo da abin da ya sirance ne. A Yunin 2025 Creative Commons ta sanar da wani tsari mai suna CC signals, wanda masu rumbunan bayanai za su bayyana abin da suke tsammani daga masu horar da injina, kamar ambato ko tallafi. Masu bincike a Afirka sun tsara lasisai irin su Nwulite Obodo, da ke bambanta sharuɗɗa tsakanin mai amfani daga nahiyar da wanda ya zo daga ƙasashe masu arziki. Duka waɗannan suna iya hawa kan abin da za a tattara daga yanzu, amma muryoyi da hotunan da aka riga aka saki ƙarƙashin CC0 ko BY-SA suna nan a kan sharuɗɗan da aka sake su da su.