Wasan Shakespeare na masifaffiyar mace a dandalin zango: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da ƙungiyar wasan kwaikwayon da nake koyarwa a nan Kumasi, Ghana, ta fara shirin nuna The Taming of the Shrew, wasan William Shakespeare a kan horar da wata mace da aka yi wa shaidar masifa, tambayoyi iri ɗaya ake yi mini a unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango, daga ɗalibai da malaman makaranta da iyayen yara. Na gaji da maimaitawa, saboda haka na rubuta amsoshin a nan, kuma ina roƙon a karanta kafin a sake tare ni a hanya.

Malam, wane labari ne a cikin wasan?

Wanda zai fito a wasa ya kamata ya karanta shi da kansa, amma ga shi a taƙaice. Wani attajiri a birnin Padua na Italiya mai suna Baptista yana da 'ya'ya mata biyu. Ƙaramar, Bianca, manema sun yi mata yawa, babbar kuwa, Katherina, kowa yana gudunta saboda kaifin bakinta, sai uban ya kafe cewa ba zai aurar da ƙanwa ba sai yayarta ta shiga ɗaki. Petruchio ya zo daga Verona yana neman mace mai dukiya, ya ji abin da uban zai bayar, ya aure ta, ya tafi da ita tun kafin a ci abincin biki, ya hana ta ci da barci har ta daina musu da shi. A ƙarshe angwaye uku suka sa kuɗi a kan matar wane ce za ta amsa kira, Katherina kaɗai ta zo, sannan ta yi wa sauran matan dogon jawabi a kan biyayya ga miji.

Yaushe aka rubuta shi?

Tsakanin 1590 da 1592 ko kusa da haka. An buga shi a 1623, shekara bakwai bayan mutuwar marubucin.

Amma ai bai taɓa dukanta ba, to ina abin cece-kuce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, musamman idan ta fito daga bakin mai aure. Gaskiya ne, babu inda Petruchio ya ɗaga hannu a kan Katherina, hasali ma ita ce ta mare shi ran da suka fara haɗuwa. To sai me? Ya watsar da naman da aka kawo musu yana cewa ya ƙone, ya hargitsa shimfiɗa da dare don kada ta runtsa, ya kori tela da rigar da aka ɗinka mata bayan ta gani ta yaba, ya tilasta mata ta kira rana wata a kan hanya da tsakar rana, kuma da bakinsa ya gaya wa 'yan kallo cewa yadda ake horar da shaho da yunwa da rashin barci haka yake yi mata. Ran ɗaurin aure ya lissafa ta cikin kayansa, tare da gidansa da dokinsa da sansa da jakinsa. Dokar Ghana ta 2007 a kan cin zarafi a cikin gida, wadda ake kira Act 732, ta sa hana mutum isasshen abinci da tufafi da hutu cikin cin zarafi na jiki. Wanda bai ga laifi a nan ba, ba shi da shirin koyar da wasan ga yara.

Ba biyayyar aure yake koyarwa ba, kamar yadda addini ya ce?

A'a, kuma kada wanda ya jingina wannan wasa ga addininmu. Ci da sha da sutura da wurin kwana haƙƙin mace ne a kan mijinta, Alƙur'ani ya yi umarni a zauna da mata da kyautatawa, sadaki kuma nata ne. A wasan, uban ne yake biyan ango, har ya ƙara masa tsabar kuɗi 20,000 a ƙarshe don murnar an sauya masa 'ya. Al'adar Turawan wancan zamani ce, a bar musu ita a matsayinta.

Sai mun nemi izini ko mun biya wani kafin mu nuna shi?

Ba sai kun nema ba, domin marubucin ya mutu tun 1616. Idan kuwa fassarar wani na wannan zamani za ku ɗauka, sai da izinin mai ita.

To yaya za mu yi da jawabin Katherina na ƙarshe a gaban mutanen unguwa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai. Jawabin layi 44 ne, shi ne mafi tsawo a wasan, a cikinsa take cewa miji shi ne shugaban mace da majiɓincinta, ta kwatanta shi da sarki, ta ƙare da cewa a shirye take ta sa hannunta a ƙarƙashin ƙafarsa. Ba mu ne muka fara jin nauyinsa ba, tun 1897 marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw ya rubuta cewa wannan fitowa ta ƙarshe abin ƙyama ce ga mutumin zamani. Amma matsalarmu ta fi tasa, domin a filin makaranta a Asawase akwai mazan da za su tafa su ɗauka wa'azi aka yi wa matansu, akwai kuma matan da za su koma gida a ce musu, “Kin dai ji.”

Hanya mafi sauƙi ita ce a yanke jawabin ko a rage shi, kuma ba na goyon bayanta sai in yara ƙanana ne 'yan kallo, saboda idan aka cire shi, an ɓoye wa mutane inda yunwar nan ta kai mace, sai wasan ya zama labarin masoya masu faɗa da shiryawa. Wasu suna sa mai fitowa a Katherina ta faɗi jawabin da ba'a, tana nuna wa mata cewa lallaɓa shi kawai take yi. Mary Pickford ta yi haka a fim na 1929, inda ta kashe wa Bianca ido. Wannan yana ba da dariya, kuma mata a nan za su gane shi nan take, sai dai yana koyar da cewa mafitar mace ita ce ta ce to a fili ta yi dabara a ɓoye, yana kuma wanke Petruchio, tunda an nuna ashe bai yi mata illa ba. Akwai masu sa ta faɗa a matsayin wadda aka karya wa zuciya, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kallon kowa, har shi kansa angon ya ji kunya. Na fi karkata ga wannan, amma da sharaɗi, domin yana bukatar yarinya mai ƙwarewa sosai, kuma idan kun yi sa'a guda kuna sa mutane ƙyalƙyala dariya a kan yunwarta, ba za su yarda ku juya musu fuska a minti biyar na ƙarshe ba. Ke nan aikin yana farawa tun daga fitowar da take roƙon bawan gidan, Grumio, ya ba ta ko me ya samu ta ci. A wannan wuri ne ya kamata dariyar ta fara yi wa 'yan kallo ɗaci, kuma idan ba ta yi a nan ba, ba za ta yi a ƙarshe ba.

Akwai kuma wata dabara da ta dogara da farkon wasan, wanda da yawa suke tsallakewa. Wasan yana buɗewa ne da wani mashayi, Christopher Sly, da aka kora daga gidan giya, wani basarake ya tsince shi yana barci, ya sa aka yi masa ado aka gaya masa shi babban mutum ne, sannan 'yan wasa suka nuna masa labarin Katherina. A bugun 1623 ba a sake jin ɗuriyarsa bayan fitowa ta farko, amma a wani wasa mai kama da wannan da aka buga a 1594, Sly ya farka a ƙofar gidan giya ya ɗauka mafarki ya yi, ya ce yanzu ya san yadda zai hore matarsa. Idan kuka aro wannan ƙarshe, labarin gaba ɗaya ya zama abin da aka shirya don yaudarar mashayi, kuma wanda ya ce zai gwada a gida ya zama abokin ra'ayin Sly. Ina ganin wannan zai yi aiki a zango, ko da yake ba zan ba da tabbaci ba, domin wani zai iya jin maganar Sly ya ɗauke ta shawara.

Abin da zan ce a taƙaice shi ne, ku duba waɗanda za su zauna a gabanku. Idan ɗaliban babbar sakandare ne da malamansu, a faɗi jawabin duka ba tare da kashe ido ba, a dawo da Sly, a ware lokacin tattaunawa. Idan taron unguwa ne da kowa zai shigo, ba zan nuna shi ba sai na samu wata dattijuwa da ake jin maganarta da wani malami da suka karanta wasan tun da wuri, suka yarda za su yi magana bayan an gama. In ba a samu wannan ba, a jinkirta.

Shi Shakespeare ɗin yana goyon bayan Petruchio ne?

Bai bar wata takarda da ya faɗi ra'ayinsa ba, saboda haka ɗalibi kada ya rubuta mini “Shakespeare yana nufin kaza” ba tare da ya nuna layin da ya dogara da shi ba. Abin da aka sani shi ne, tun yana raye aka mayar masa da martani. John Fletcher, wanda daga baya suka yi rubutu tare, ya rubuta ci gaban labarin wajen 1611, inda Katherina ta mutu, Petruchio ya auri wata mai suna Maria, ita kuma ta rufe masa ƙofa tun daren farko har sai da ya sauko.

Malam, 'yata aka ba Katherina, ba za a laƙaba mata sunan masifaffiya ba? Kuma na ji akwai sumba.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, damuwarki tana kan hanya kuma mun yi tunaninta. Babu sumba a dandalinmu, babu riƙe-riƙe, hannun ma a ƙasa za ta ajiye shi ba tare da ta taɓa kowa ba, kuma ƙofar wurin gwaji a buɗe take ga kowace uwa. Game da suna, za mu gabatar da kowane ɗan wasa da sunansa na yanka bayan an gama, don a raba yarinya da rawar da ta taka. Idan duk da haka zuciyarki ba ta natsu ba, ki faɗa tun yanzu a ba ta wani aiki, babu wanda zai ga laifinki. Makarantar 'yan mata zalla kuma tana iya yin wasan ba tare da namiji ko ɗaya ba. A zamanin marubucin samari ne suke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 mata suka fara hawa dandali a Ingila, kuma a 2019 kamfanin Royal Shakespeare ya juya wasan gaba ɗaya, mata suka zama masu iko, namiji ya zama wanda ake horarwa.

Da Turanci za mu yi ko da Hausa?

A aji a karanta Turancin, a dandali a yi da Hausar da ake ji a zango. Idan bayin gida suka jefa Twi, yaren mutanen Asante, a tsakaninsu, babu laifi. Sunayen mutane da garuruwa kuwa a bar su a Italiya, domin da zarar kun mai da Baptista Alhaji, kun ɗora mana al'adar da ba tamu ba.

Me ya sa ba za ku yi wasanmu na gida ba?

Muna yi, kuma masu wannan tambaya ba na ganinsu ran da muke yi. Ina ma ba kowane malami shawara ya haɗa wannan wasa da The Marriage of Anansewa na marubuciyar Ghana Efua Sutherland, wanda aka buga a 1975, inda Ananse, wato Gizon tatsuniyoyin Ghana, ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa guda yana karɓar kyautarsu. A duka biyun uba ne yake ciniki da auren 'yarsa, kuma ɗalibai suna saurin ganin Baptista da kyau idan sun riga sun san Ananse. Waƙoƙin da Sutherland take sakawa a tsakiyar wasa, inda masu kallo suke sa baki, su ma abin aro ne, domin suna ba matan da ke kallo damar amsa wa Petruchio tun wasan yana gudana.

Tsawon wane lokaci zai ɗauka?

Idan aka yi shi duka zai haura sa'a biyu, wanda ba zai shiga tsakanin la'asar da magariba ba in har ana son tattaunawa. A rage daga ɓangaren maneman Bianca, musamman darasin Latin da yawan sauya kama da suke yi, waɗanda suke rikitar da wanda bai karanta ba. Kada a taɓa fitowar abinci, da ta tela, da ta rana da wata. A fara da zarar an idar da la'asar, a gama wasan cikin sa'a ɗaya da kwata, sauran lokacin kafin kiran salla a ba dattijuwar da malamin da 'yan kallo.